Wa Zai Gaya wa Hawwa

Yamai, farkon watan Maris

Zuwa ga Yaya Damaris,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kina lafiya, ke da 'yan'uwa na majami'ar Galmi. Yaya aikin albasa? Matata Ramatou tana gaishe ki.

Tun da abin nan ya same mu na kira dangi duka a waya. Ke kaɗai ce sai na zauna na nemi bik da takarda, kamar kullum. Maƙwabtana a kasuwar Katako har yanzu dariya suke yi mini, wai Barnaba kafinta ne kaɗai ya rage a Yamai yana rubuta wasiƙa. Na gaji da gaya musu yayata ba ta ji, kuma ta ƙi riƙe waya ko don saƙo. Zan ba Ismaël direba wannan idan ya sauke albasa zai juya.

Ɗiyarki Hawwa ce ba lafiya. Ta dawo daga lakwal, wato makaranta, da ciwon kai, muka ɗauka zafin rana ne. Washegari wuya ya sandare, ko haske ba ta son gani. Da muka kai ta asibiti lokotoro bai ɓata lokaci ba, ya ce sanƙarau ne. Yaya, sunan nan mun san shi a gidanmu. Shi ne ya tafi da kunnenki.

Mun sha wuya, amma Ubangiji bai bar mu mu kaɗai ba. Matan zumunta suna kawo abinci bi da bi. Amadou, Bazabarmen da nake sayen katako a wurinsa, ya rufe rumfarsa ya zo ya zauna da ni ƙarƙashin bishiyar asibiti. Ba ya cewa komi sai «kala suru», wato sai haƙuri, idan lokacin salla ya yi ya je ya dawo. Yanzu zazzaɓi ya sauka, ta buɗe ido, ta sha kunu. Lokotoro ya ce ta tsallake.

Abu ɗaya ne ya hana ni sakin jiki. Jiya wata mai jinya ta saki kwanon ƙarfe a tsakar ɗaki, kowa ya zabura, har jaririn gadon ƙarshe ya fashe da kuka. Hawwa ko ƙifta ido ba ta yi ba. An ce sai ta ƙara ƙarfi za a auna kunnen.

Addu'ata ɗaya ce safe da yamma, kuma ita na roƙi majami'a ta taya ni: Ubangiji ya ji tausayina, kada ya bar yarinyar nan ta zama kamar ke. Na san kin fi kowa gane abin da nake nufi. Ki sa mu cikin addu'a.

Salamar Ubangiji ta kasance tare da ke.

Ƙanenki,
Barnaba

*

Galmi, watan Maris

Auta,

Na gaishe ka, na gaida Ramatou, na gaida mai jiki. Takardarka ta same ni a gona muna cirar albasa. Na zauna a kan kunya na karanta, na ɗaga hannu na gode wa Allah da ya bar mana Hawwa. Masu aikina sun ce godiyar tawa an ji ta har bakin titi. Ka san ba ni da ma'aunin murya.

Addu'arka kuma na karanta ta sau biyu, don in tabbata idon ma bai fara bin kunnen ba. To, na ce amin, don ba na yi wa ɗiyar kowa fatan wannan. Sai dai ku yi wa Ubangiji bayani sosai wane gefe nawa kuke nufi, kada ya hana yarinya iya noma, da iya rubutu, da iya kiɗan tulu a zumuntar mata. Kai da na goya har ka yi mini fitsari a baya, yau ni ce abin da ake roƙon tsari da shi. Ba komi, mai ɗa a gadon asibiti ba a bin kalmominsa da sanda.

Ga buhun albasa wurin Ismaël, a raba wa matan zumunta, a ba Amadou nasa.

Yanzu ka amsa mini wannan, kada ka tsallake shi kamar yadda ka saba. Me kuka gaya wa Hawwa? Wa ya zaunar da ita ya fahimtar da ita abin da ya same ta? Shekararta takwas, ba jaririya ba ce. Idan ta tabbata kurma ce, ita ya kamata ta fara sani kafin majami'a.

Allah ya ƙara sauƙi.

Yayarka,
Damaris

*

Yamai, ƙarshen watan Maris

Zuwa ga Yaya Damaris,

Gaisuwa cikin sunan Mai Cetonmu. Albasa ta iso, kowa yana godiya.

Mun dawo gida. An auna kunnen, lokotoro ya ce ciwon ya taɓa jijiyar ji ta kowane gefe, kuma shi a saninsa ba ya sa rai. Na ce masa na gode, shi ya faɗi nasa, akwai wanda ya fi shi.

Yaya, ina roƙonki da girmamawa, kalmar nan da kika rubuta a ƙarshen takardarki kada ki sake ɗora wa ɗiyata ita. Wani mai wa'azi da ya zo mana taron farkawa ya gargaɗe mu cewa abin da uba ya furta a kan ɗansa shi ke tabbata. Ya ce kada mu kira ciwon da sunansa, kada mu yi mata magana da hannu, kada mu rubuta mata, don duk wannan miƙa wuya ne. Mu ci gaba da yi mata magana da baki kamar tana ji, har ranar da za ta amsa. Haka muke yi. Kin tambaya me muka gaya mata. Ba mu gaya mata komi ba, don ba abin da za a gaya mata sai ranar da za mu ba da shaida a gaban jama'a.

Muna azumi ni da Ramatou. Dattawa sun zo sun shafa mata mai, sun ɗora hannu. An kai ta taron addu'a a unguwar Koira Kano, mai wa'azin ya hura mata iska a kunne ya tafa hannu a bayanta. Ba ta waiwaya ba, amma an ce mu riƙe bangaskiya.

Abin da ban gane ba shi ne halinta. Kin san Hawwa da surutu, ita ce mai ba da waƙa a ajin Lahadi. A asibiti ma takan kira uwarta. Tun da muka dawo kuwa ta rufe baki ruf. Tana kwance ta juya wa ɗaki baya, fuska a bango. Abinci sai an yi da gaske, ta rame fiye da lokacin zazzaɓi. Idan na tsuguna ina mata magana sai ta zuba wa bakina ido, can sai hawaye, ta ja zane ta rufe kai. Shekaranjiya Ramatou ta taɓa ta daga baya, ta firgita ta cije ta a hannu. Wasu sun fara cewa ba ciwon asibiti ba ne kaɗai.

Ramatou tana kuka a madafa don kada in gani. Ni kuma ina zuwa atalye, rumfar aikina, in riƙe zarto in rasa abin da na zo yankawa. Ina jin tsoro, Yaya. An ba ni ita daga bakin kabari, ga ta kuma tana sulalewa a cikin ɗakina ina kallo.

Ki ci gaba da taya mu roƙo.

Ƙanenki cikin Almasihu,
Barnaba

*

Galmi, watan Afrilu

Auta,

Ina gaisuwa. Ka nemi wuri ka zauna, don yau takardar da tsawo, kuma ba duka za ta yi maka daɗi ba.

Ba iska ba ce ke damun Hawwa, kada ka bari kowa ya sa maka wannan a kai. Zan gaya maka abin da take gani daga inda take kwance, don na kwanta a wurin.

Shekarata tara, kai kana rarrafe. Na farka daga ciwon nan na ga Inna a kaina bakinta yana motsi, ba sauti. Baba ma haka. Kowa ya shigo sai ya motsa mini baki ya fita. Ni ban san kunne yana mutuwa mai shi na raye ba, wa ya taɓa gaya mini? Abin da na sani shi ne kafin in kwanta na bar akuyar Baba ta shiga gonar wake. Sai na ce shi ke nan, hukuncina ke nan, an haɗa baki an daina yi mini magana, har ana kwaikwayona da baki don a ƙara mini. Na ce to, tun da ba a son muryata, ni ma na rufe nawa. Damina guda na yi a haka. Baba kuwa, Allah ya ba shi hutawa, ya hana a nuna mini komi, wai kada a riga Ubangiji yanke hukunci. Ka ga ba daga mai wa'azinku aka fara ba. Da zuciya ɗaya ya yi, kamar yadda kake yi.

Inna ce ta gaji. Wata safiya tana daka ta jawo ni ta ɗora tafin hannuna a jikin turmi. Na ji bugun taɓarya yana shigowa ta hannuna. Ta ɗauke hannun ta sa a maƙogwaronta, ta fara waƙa, na ji wurin yana rawa. Auta, ashe duk watannin nan magana suke yi mini da gaske. Sai ta nuna wuyana inda ciwon ya kama, ta nuna kunnena, ta buɗe tafin hannu ta hure shi. Ta rungume ni. Ranar na yi kukan da ban taɓa yi ba, kuma ranar na ci tuwo har na suɗe kwano. Rashin jin bai kai rabin zafin zaton an daina sona ba.

Hawwa tana can tana lissafin laifin da ta yi muku. Kullum ka tsuguna ka motsa mata baki, ƙara mata kake yi. Ita ta ma fi ni sa'a, ta iya karatu.

Ban ce ka daina roƙa mata kunne ba. Ni har yau ina roƙa wa kaina. Duk baƙon mai wa'azin da ya sauka garin nan ni ake fara tura masa, kunnuwan nan sun sha man zaitun da zai soya kaji. Ina miƙa kai, ina cewa amin, in koma gona. Wanda ya yi kunne ba zai kasa gyara shi ba in ya ga dama. Amma ban taɓa ganin inda gaskiya ta ɗaure masa hannu ba. In ka ce ɗiyata ba ta ji, labari ka ba shi? Ai ya riga ka sani.

Ga Ista na zuwa. Kai kafinta ne, ka san ƙusa ko an zare ta sai ta bar rami. Ubangijinmu da ya tashi daga kabari bai shafe ramukan hannunsa ba, bai kuma ɓoye su a riga ba. Nuna su ya yi, da su nasa suka gane shi. Wannan shi ke riƙe ni duk ranar Lahadi in na ɗora tulu a cinya ina kiɗa wa mata, ina jin bugun a ƙashina, ina kallon ƙafafunsu don kada in kauce. Ban san yadda waƙoƙin yanzu suke ba, amma ba a taɓa cewa na ɓata rawa ba.

Na yi shekara arba'in ina tambayarsa don me ni. Bai ba ni amsa ba. Amma da na karanta takardarka na ga duk faɗin Yamai, da lokotoro da masu wa'azi, ba wanda ya san abin da ke ran yarinyar nan sai wata kurma mai noman albasa. Ban ce don haka ya yi ba, ba ni ke riƙe masa sirri ba. Na dai ga abin bai tafi a banza ba, kuma na yi barci mai daɗi.

Ka gaya mata, Auta. Kai da kanka, da rana, fuskarka a cikin haske. Kuma ku daina taɓa ta daga baya, ni ma sai in yi cizo.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya. A gaida Ramatou, a ce na ga ƙoƙarinta.

Yayarka,
Damaris

*

Yamai, bayan Ista

Yaya,

Gaisuwa da ban girma cikin sunan Ubangiji da ya tashi. Ki gafarta mini jinkiri. Ismaël ya zo ya koma ban ba shi komi ba, na san ya gaya miki.

Ba zan ɓoye miki ba, takardarki ta ba ni haushi. Na ninke ta na tura ƙarƙashin katifa. Ramatou ce ta ciro ta ta karanta, ta same ni ina wanke fuska ta ce: «Baban Hawwa, ko ka gaya mata ko ni in gaya mata. Amma na fi so ta ji daga gare ka, don kai take kallo.» Na share fuska na fita. Na yi kwanaki ina jin kamar in na buɗe baki na sayar da bangaskiyata.

Ana saura kaɗan Ista aka kawo mini bencinan majami'a biyu da suka yi laushi in gyara. Ramatou za ta kasuwa, sai na ɗauki Hawwa a bayan babur zuwa atalye, don kada ta zauna ita kaɗai. Na ɗora ta a ƙarshen wani dogon katako da ke kan teburin aiki, ta zauna ta sunkuyar da kai. Na fara zare tsofaffin ƙusoshi daga benci. Kowace na zare sai in ga ramin, maganarki ta dawo mini. Na yi ta ƙoƙarin tunanin wani abu dabam ban iya ba.

Da na koma yankan katakon da take zaune a kai, sai na ga ta ɗago. Ta shimfiɗa tafin hannunta a kan katakon, ta dubi zarto, ta dubi hannunta. Na tsaya, ta dube ni. Na ci gaba, ta ƙara danna hannun. Yaya, tun da muka bar asibiti ban ga idonta ya nemi wani abu ba sai ranar.

Na ajiye zarton. Na ɗauki hannunta na sa a maƙogwarona, na kira sunanta. Ta fizge hannun kamar ta taɓa wuta, sai kuma ta maido shi da kanta. Na sake kira. Na zaro fensirin da ke kunnena, na rubuta a kan katakon da manyan baƙaƙe: CIWON YA TAFI DA JINKI. MUNA MAGANA, KE CE BA KI JI. BA MU YI FUSHI DA KE BA.

Ta bi shi da yatsa a hankali, ta sake bi. Sai ta buɗe baki, da wata murya mai ƙarfi wadda ba ta san tana da ita ba, irin taki sak, ta ce: «Ba don na sha ƙanƙarar bakin lakwal ba ne?» Uwarta ta hana ta sayen ƙanƙarar nan, ashe ta saya ranar da ciwon ya fara, laifin da take ɗauke da shi ke nan duk makonnin nan. Na girgiza kai, na rubuta A'A har fensir ya karye. Ta faɗo jikina. Mun yi kuka mu biyu a cikin garin katako, har Amadou ya leƙo don ya ji muryar daga rumfarsa. Da ya ga abin da ke rubuce, ya fita ya dawo da ƙosai a takarda. Ta cinye shi tas.

Ranar Ista na tashi a gaban jama'a lokacin shaida. Kowa ya gyara zama, ana zaton kunne ya buɗe. Na ce ɗiyata Hawwa ba ta ji, kuma ina gode wa Ubangiji da ya maido mini ita sau biyu. Wasu sun sunkuyar da kai, wata tsohuwa ta ce in janye maganar. Pastonmu kuwa ya zo gida da yamma, ya nemi allon lakwal ɗinta ya rubuta mata gaisuwa da hannunsa. Ina nan ina roƙa mata kunne kowace safiya, ban fasa ba. Sai dai yanzu in na gama ina iya cin abinci.

Addu'ar da na rubuta miki a takardar farko, ina jin kunyarta. Ki yafe mini.

Saura abu ɗaya da ya fi ƙarfina. Jiya da safe muna addu'ar gida, ta ja rigata ta ce: «Baba, in na yi addu'a ba na jin abin da nake cewa. Shi yana ji?» Na gyaɗa kai da sauri. Ta kalle ni ta ce: «Kai ai kana ji, ta yaya ka sani?» Na jawo allonta. Sai na rubuta mata cewa Gwaggo Damaris ma ba ta ji, tun tana kamar ita. Ashe ba ta taɓa sani ba, wai ta ɗauka ke dai mai faɗa ce shi ya sa kike ɗaga murya. Ta ce in ba ta takardar. Ga abin da ta rubuta da kanta, ban gyara ba:

Gwaggo ina kwana. Ni ma ba na ji. Yesu yana jin mu?

Muna jiran amsarki.

Ƙanenki,
Barnaba

*

Galmi, watan Afrilu

Zuwa ga ɗiyata Hawwa,

Lafiya lau, ɗiyata. Na ga rubutunki, ya fi na babanki kyau.

Yana jin mu. Na daɗe ina masa magana, wata rana da faɗa, wata rana da kuka, wata rana ban ma buɗe baki ba. Ba duk abin da na roƙa ya ba ni ba, amma bai taɓa juya mini baya ba. Ke ma ki daina juya wa mutane baya, bango ba shi da labari.

Ki gaya wa babanki na yafe tun a gona. Ya zo Katako ya tarbe ni ranar Asabar, zan hau motar albasa da Ismaël. Ya zo da abin shimfiɗa mai laushi, don ina tafe da tulu biyu, babba nawa, ƙarami naki.

Sai na zo. Allah ya tsare mini ke.

Gwaggonki,
Damaris